Turken da Aka Shafa wa Fenti

Daga inuwar mai facin taya nake kallonsa. Dattijo ne siriri, ɗan safiyo mai awon filaye, wandonsa ya koɗe a gwiwa saboda durƙuso. Yana bin gefen sabon gidan mai, yana caka sandar ƙarfe a ƙasa yana kasa kunne. Tsohon turken siminti yake nema, wanda ke nuna inda filin gidan man ya ƙare, gonar wata mata ta fara. Ga ta can tsaye da fartanyarta, tana jira.

"Baba, wannan kake nema?" in ji manajan gidan man, yana nuni da baki. Turken na tsakiyar furanni, an shafe shi da farin fenti har lambarsa ta ɓace. "Motoci ke bugunsa, muka matsar da shi. Ai gata muka yi masa."

Wai gata. Abin da aka kafa tun ba a haife shi ba, ya tumɓuke ya yi ado da shi, har yana jiran godiya.

Dattijon bai ɗaga murya ba, ni ne zuciyata ke tafasa. Ya durƙusa yana kankare fentin da farce. Ina jin rabin rayuwarsa haka ya yi ta, don kada maƙwabta su zare wa juna wuƙa.

"Daga ina kuka cire shi?"

"Can wajen," in ji manajan, yana wurga hannu.

Hannun nan kuwa ya share rabin gonar matar.