Akuyar Mawaƙin Ingila

Labarin nan da akuya a cikinsa, da Bature, da gulbin da ya cika ya hana mutane wucewa. To amma a gabana aka yi shi, ba a bakin murhu na ji shi ba.

Maigidana, Allah ya jiƙan shi, dillalin fata ne. Tun yana saurayi yake bin kasuwanni, Isa, Bafarawa, Sabon Birni, yana tara fatun jajayen awaki yana kai wa wani Bature da ke saye. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar mishi garmaho, akwatin nan mai hannu da ake murzawa, a ɗora faifai, a sa allura, murya ta fito. Ya haɗa mishi da fayafayai cikin kwali. A hanya jaki ya yi tuntuɓe, kwalin ya faɗi, duk suka farfashe sai guda. Shi wannan gudan na tarar a gidan lokacin da aka kawo ni ƙauyensu, can gefen Kurawa.

Muryar namiji ce, mai kauri, mai sanyi. Ba ya sauri. Sai ya kama kalma guda ya ja ta, ya ja ta, har ka ce numfashinsa ya ƙare, sannan ya aje ta a hankali kamar mai sauke tulu cike da ruwa. Ba mu jin abin da yake faɗi. Maigidana, da ya tsinci Turanci kaɗan a bakin ma'auni, ya ce wata mace yake kira wadda ta tafi ta bar shi. Uwarsa ta ce to ya tashi ya bi ta mana, ya daina damun mutane. Duk da haka in an kunna ba ta barin wurin sai an gama.

Uwata ta rasu tun ina ƙarama, don haka ban je wankan gida ba, a ɗakina na haifi ɗiyar fari. Damina ce, ta yi nisa. An aika wa masu kalangu na ƙetaren gulbi, sun amsa za su zo ranar suna. Daren sunan aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye gulbi ya cika ya batse, masu fito suka ce ko da gora ba su shiga. Aka raɗa suna, aka yanka rago, mata suka cika gida, tuwo ya sauka, ga shi babu kiɗa. Gidan ya yi tsit kamar ana zaman makoki.

Sai maigidana ya ɗauko garmaho ya aje a bakin zaure, ya juya bakinsa wajen cikin gida. Tun hantsi yake murzawa har la'asar. In wannan gefe na faifan ya ƙare ya juya wancan, shi ma mutumen ne. Da fari mata suna dariya, suna cewa wannan waƙa ba ta da ƙafar rawa. Can wata tsohuwa ta miƙe ta nemo mata ƙafa, tana takawa sannu sannu, wata ta rangaɗa guɗa, saura suka shiga. Ni ina ɗaki da jaririya ina ji. Haka aka yi sunan.

Da yamma surukata ta zauna sallamar mutane. Ta sallami wanzami, ta sallami ungozoma, ta sallami masu dakan fura. Sannan ta kira ɗanta ta tambaye shi me aka ba mawaƙi. Ya yi dariya.

"Inna, mutumen ga yana Ingila. Bai ma san an yi suna ba."

"Mu mun sani," in ji ta. "Wuni guda yana yi wa jikata waƙa, namu na bayan gulbi. Ba a gidan ga za a fara barin mawaƙi hannu banza ba."

Ta shiga cikin awakinta ta kamo wata 'yar ja wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta tsaga mata kunnen hagu, ta kafa mata turke ita kaɗai. Ta ce wannan ta mawaƙi ce har ranar da za a samu mai kai mishi. Nono na mai kiwo ne, 'ya'ya maza ma haka, amma kada a yarda a rasa mace guda daga tsatsonta.

Maigidana bai ƙi ba, ya dai ɗauki abin wasa. Ya taɓa yi wa wani malamin gona da za a tura karatu Ingila magana. Mutumen ya ce Ingila ba ƙauye ba ce da za ka tsaya bakin kasuwa ka tambayi gidan mawaƙi, kuma ba a shiga jirgi da akuya. Magana ta tsaya nan. Daga baya wani ƙarfe ya tsinke cikin garmaho, aka rasa mai gyara, yara suka mai da akwatin gidan tantabara. Faifan na naɗe shi da tsohon zane na sa a ƙasan kwalla. Da surukata ta kwanta ciwon ajali, cikin abin da ta faɗa mini har da wannan. Ta ce amanar mawaƙi tana hannuna.

Akuyar ta koma wurin wata ƙawata Bafillata mai kawo muna nono, ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Duk wadda aka zaɓa sai a tsaga mata kunnen hagu. Shekarar da aka yi fari mun sayar da duk abin da ke tafiya da ƙafa huɗu, ban da ita. Maigidana ya rasu, ƙawata ta rasu, ɗiyarta ta ci gaba da kiwon. Sai waɗannan shekaru suka zo, na mutanen daji masu bindiga. Suka kore dabbobin rugar kaf. Mu ma muka bar ƙauye, na dawo Sabon Birni gidan ɗana. Wata rana sai ga ɗiyar ƙawata da akuya guda a igiya. Ranar da aka kore garken akuyar tana gida ɗaure, don tana ɗingishi. Kunnenta a tsage. Ta tsufa, ta daina haihuwa, kuma daga ita babu saura.

Bara na yi ciwo mai tsanani. Ina kwance ina jin kukanta a bayan ɗaki, ina cewa ko ni ko ita wani zai riga wani, kuma ko ta yaya aka yi amana ta faɗi a hannuna. Ɗiyata ta fari ta zo jinya daga Sakkwato. Ita ce aka yi wa sunan. Ta yi aikin asibiti har ta aje, yanzu tana da jikoki, kuma har yau ban kama sunanta ba. Na sa ta ciro faifan, ta karanta rubutun da ke tsakiyarsa, ta nema a wayarta. Ba a jima ba muryar ta fito. Muka saurare ta har ƙarshe.

Sannan ta karanto mini labarin mawaƙin tana mayarwa da Hausa. Ɗan talakawa ne, daga wani gari na bakin teku. Ya yi aikin ƙarfi, ya yi soja, yana waƙa da yamma a inda maza ke taruwa. Aka ji shi a rediyo, sai ƙasar ta ɗauka. Ya sa tufafi masu tsada, mata suna kuka in ya buɗe baki, an ce har gaban sarauniyarsu ya yi waƙa. Bai daɗe a kan wannan tudu ba. Wasu samari suka fito da jita da kiɗa mai sauri, jama'a ta juya wurinsu. Shi bai canza murya ba. Ya koma bin ƙananan garuruwa yana yi wa tsofaffi waƙoƙin da suka sani, har ciwo ya kama shi ya mutu. Ta nuna mini hotonsa, mai faɗin fuska, gashi a kwance. Na tambaye ta yaushe ya mutu. Da ta lissafa, ashe tun ina goyon autana.

Ta ce, "Inna, ke nan kin huta. A yanka ta ki sha romo."

Na aika aka tambayi malamin unguwa. Ya ce kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa, tunda bai karɓa ba akuya tana nan ta masu ita, babu laifi a kaina. Na yarda da malam, ya fi ni sani. Amma surukata ba hukunci ta tambaya ba ranar nan. Cewa ta yi kada mawaƙi ya tashi daga gidanmu hannu banza.

Da na samu ƙafa sai na tuna da wani tsoho a Isa. Zamanin da muke mata matasa shi ne mawaƙin ƙasar nan, da makaɗansa da 'yan amshinsa, ana ba shi doki da riga. Yanzu biki sai a ɗauko na'ura mai lasifika, in ma an yi bikin. Yana zaune a zaurensa, ido ya yi rauni. Ɗana ya samo mota ranar da hanya ta yi lafiya, muka tafi ni da ɗiyata da akuya.

Muka gaisa, na faɗa mishi abin da ke tafe da ni tun daga cikar gulbi. Bai yi dariya ba. Ya ce a sa mishi waƙar ya ji mai akuya. Ɗiyata ta kunna, ya kara kunne, yana taɓa gwiwa da yatsa. Da ta ƙare ya tambaya wane sarki mutumen yake yi wa waƙa. Aka ce ba sarki, wata mace ce da ta tafi. Ya tambaya ina 'yan amshinsa. Aka ce ba shi da su.

"Shi kaɗai yake ɗauke da ita ke nan," in ji shi. "Yana da numfashi. Da a nan yake da na sa shi a bayana."

Ya sa aka matso da akuyar, ya shafa bayanta, ya laluba kunnen ya ji tsagar. Ya ce ya karɓa a madadin ɗan'uwansa na sana'a, Allah ya saka wa tsohuwar da ta ba da. Sannan ya gyara zama ya yi gyaran murya, ya ce bari ya yi mini ko baiti biyu, don shi ma ba a ba shi abu ya yi shiru.

Na ce, "A'a, malam, bar shi. An riga an yi waƙar. Ga wadda anka yi wa nan zaune."

Ya juya wajen ɗiyata, ya ce Allah ya raya. Ita da furfura a kanta ta ce amin.

Muka kamo hanya tun rana ba ta karkata ba, don ba a yin yamma a wannan hanya yanzu. Da muka iso gida na sa ɗana ya cire turken da ke bayan ɗakina. Faifan yana nan a ƙasan kwalla, na ce ɗiyata ta tafi da shi in ta tashi komawa.