Abin da Aka Bari a Kwalba

Maigidana makaniki ne a tashar jirgin ƙasa ta Minna. Zamanin mulkin soja ciwon kai ya kama shi, ido ɗaya ya rufe, har ya fara kirana da sunan ƙanwarsa. Aka tura mu wani babban asibiti a kudu. Can suka buɗe kan suka ciro tsiro, likita ya ce ciwon daji ne.

Wata nas mai tsintar Hausa ta zo da takarda. "Madam, za mu ajiye naman da jininsa don bincike. Sa hannu."

"Zai warke?"

"Ke dai sa hannu."

Lokacin ko bihim ban sani ba. Na dangwala yatsa. Na ga abin da idona a kwalba, bai fi goro ba, an manna masa lamba.

Wata biyu da dawowarmu unguwarmu ta Ƙetaren Gwari, maigidana ya cika. Ana shirin yi masa wanka, surukata ta ja ni ɗaki.

"Ke, ina abin da suka yanka?"

"Yana asibiti, Inna."

"Asibiti makabarta ce? Da hannuna na binne mabiyiyar yaron nan da na haife shi. Ko farce na yanke masa sai na tona rami. Ke kin bar musu kansa a kwalba kamar man shanu."

Malamin unguwa ya ce babu laifi, a rufe shi haka. Inna ta ce malam bai taɓa naƙuda ba.

Ina fita takaba na hau jirgi na koma, da farin ƙyallen da zan naɗo shi. Kwana biyu ina bin ƙofofi, takardar da suka ba ni a haɓar zani. Na yi masifa har maigadi ya rirriƙe ni. Daga ƙarshe wani ya duba lambar, ya ce an yanyanka shi siriri a kan gilashi an aika wani wuri, babu abin ɗauka.

Haka na dawo da ƙyallen a ninke. Inna ta karɓa, ta jinjina, ta miƙo min. Ba ta ƙara cin girkina ba har ta rasu.

Ina da shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci. Sai da na shekara huɗu kafin Turancina ya kai takardar nan. Layi na biyu daga ƙasa ya ce ina iya ƙi, kuma ba za a fasa masa magani ba. Da an karanta min, wataƙila duk da haka da na ba su. Amma da sai na fara tambayar Inna.