Ƙararrawar Gidan Bututu Biyu

Shekara talatin yana aikin wayarin, kuma tun yana saurayi ake kiransa Bututu Biyu. Duk gidan da ya shiga, doka ɗaya gare shi: wayar wuta bututunta daban, ƙananan wayoyi irin na ƙararrawa da eriya nasu daban. In mai gida ya ce a haɗa su don sauƙi, sai ya naɗe tef ɗinsa ya sa a aljihu.

"Babbar waya tana da hayaniya," in ji shi. "Ƙarama kuma duk abin da ta ji sai ta ɗauka."

Gida ɗaya ne bai bi dokar ba, nasa. Ranar da yake wayarin ɗin zaure bututu ya ƙare, mai filasta kuma yana tsaye da kwaɓaɓɓen siminti. Ya waiga, ba mai kallo, ya zura wayar ƙararrawa tare da ta firji. Aka shafe bango.

Tun daga ranar, in firji ya tashi, wani lokaci sai ƙararrawa ta buga. Matarsa ta yafa mayafi ta leƙa, ba kowa. Ya ce iska ce. Da aka yi wata ba iska, ya ce ƙararrawar ce ba ta da kyau. Sau uku yana canja ta. Daga baya mutanen gidan suka daina tashi. In ta buga sai a ce, "Baƙonmu ne," a ci gaba da hira.

Wata ranar Talata yayarsa ta taso daga nesa, da ciwon gwiwarta da jakarta. Ta danna ƙararrawar gidansa, ta sake dannawa, tana jin dariya a ciki. Ta zauna a dakali har rana ta iso ƙafarta, sannan ta tashi ta wuce gidan ɗiyarta. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta aiko masa cewa ta gane matsayinta.

Ya je sau biyu, ta ƙi fitowa. A na uku ta fito.

"Yaya, ba ji ne ba mu yi ba. Mun ɗauka firji ne."

"Firji? Ni ce firji, Ƙarami?"

Babu yadda zai yi bayani sai da bangon. Da ƙyar ya lallaɓo ta, ya ajiye mata kujera a zaure, ya kashe wutar gidan, ya ɗauki guduma. Matarsa da maƙwabta biyu suka tsaya kallo. Filasta ta zube, ga bututu guda ɗaya tal, wayoyi rungume da juna a ciki.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan, wanda Bututu Biyu ya taɓa sa shi fasa nasa bangon saboda wannan doka, ya sunkuya ya leƙa.

"Ina na biyun, Oga?"

"Ya ƙare," in ji shi.

"Shekara goma sha takwas ina gaishe da iska," in ji matarsa.

Yaya ta daɗe tana duban ramin. Ta kaɗe ƙurar da ta zubo mata a zane.

"Tun kana ƙarami haka kake tura ƙazanta ƙarƙashin gado," ta ce. "Ku kawo min ruwa. Mai sanyi, tunda ni da firjin mun zama ɗaya."

Washegari ya sa bututu na biyu. Ƙararrawa ta yi shiru, sai in mutum ne. Sunan dai bai canja ba, sai dai yanzu in an kira shi, ba ya saurin waiwayowa.