Garejin Abduljalil Mai Doguwar Ƙofa

Abduljalil ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka ina da izinin faɗin duk abin da na ga dama a kansa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙin tarakta a gonakin Gedambaliya. Da hadari ya fara haɗowa daga gabas sai ya naɗe bargonsa ya nufi kambo, inda ma'aikatan gona ke kwana, ba a sake ganinsa a Gadarif sai an kwashe dawa. In tarakta ta mace a tsakiyar laka, shi ne direba, shi ne makanike. Amma duk shekarun nan ko sifana ɗaya bai taɓa mallaka ba. Na mai gona ne, a akwatin mai gona.

Bara gadon bayansa ya ce ya gaji. A kwance aka dawo da shi, bisa buhunan riɗi a bayan lori, likita kuma ya ce girgizar tarakta ta ishe shi haka. Matarsa Ummusalama ta tsaya a kansa ta ce, "Baban Najwa, bana ba inda za ka. Ga fili a ƙofar gida, ka yi gareji ka riƙa gyaran raksha." Raksha dai su ne 'yan kekunan nan masu ƙafa uku da suka cika gari. Ya ce ya ji, amma in ruwan farko ya sauka garejin bai kama ba, kambo zai koma ko da rarrafe.

Ya zuba kankare mai kauri, don ƙasarmu baƙa ce, da rani ta tsage, da damina ta kumbura. Ya kafa ƙarfe, ya rufa kwano. Na taso daga shagona na turare don in sa albarka, sai na tarar da ƙofa tsayin mutum biyu.

Na ce, "Ya Usta, babban makanike, raƙuma za ka riƙa gyarawa?"

Ya ce, "Ƙofar gareji haka take, Maiturare. Kai me ka sani ban da kwalabe?"

"Raksha uku za su shige nan, ɗaya a kan ɗaya."

Ranar sayen kayan aiki ni na raka shi kasuwa. Muka wuce shagunan da ke da jajayen akwatuna cike da sifanu masu ƙyalli, ko kallo ba su ishe shi ba. Layin tsofaffin ƙarafa ya ja ni. Ya tsuguna a hankali, hannu ɗaya dafe da baya, yana ɗaga sifana yana zura babban yatsa a bakinta, ido a rufe. "Wannan rabin inci ce. Wannan ta fi ta kaɗan." Bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ya ware shida, ya ƙara guduma da filaya da abin ɗaga mota, wanda muke ce wa afrita. Ya naɗe sifanun a sabon ƙyalle, ya rungumo su har gida kamar an ba shi jariri. Na ce bari in ɗiga musu turaren sandaliya, ya ce in kuskura.

Ranar buɗewa aka yanka rago, maƙwabta suka cika rumfa. Elfatih na gidan gaba ya turo rakshar shi don ya zama na farko. Abduljalil ya yi bisimilla, ya warware ƙyalle, ya ɗora sifana a kan noti. Ta yi yawa. Ya sa ta ƙasa da ita, ta ƙi shiga. Duk shidan ya gwada. Ashe tsofaffin taraktocin Ingila da ya girma a ƙarƙashinsu da inci ake auna notinsu, raksha kuwa 'yar Indiya ce, milimita ta sani. Elfatih ya ce, "Ma'alesh, ya Ammu," wato ba komai baffa, ya zaro 'yar sifana lamba goma daga ƙarƙashin kujera ya kwance notin da kansa.

Ni da bakina ba ya hutawa, ranar tsokar rago na cusa wa bakin nawa.

Washegari na ce ya tashi mu koma kasuwa, sifanun milimita ai ba su ƙare ba. Ya ce, "Ba sifana ba ce, Maiturare. Hannuna bai san abar nan ba." Da la'asar na ga bargon kambo shanye a igiya. Ummusalama ta dubi bargon, ta dubi gabas inda sama ta fara duhu, ta ɗauki wayarta ta shige ɗaki.

Kwana uku bayan haka sai ga lori ya jawo wata jar tarakta, tsohuwa tukuf. Husain ne a kanta, direban gonar da ke maƙwabtaka da tasu a Gedambaliya. Ya ce makanikan cikin gari sun sa mata sifanun milimita har sun cinye kan notin, shuka kuma ta ƙarato. Matarsa Hanatu ce ta ce masa akwai mai sifanun inci a unguwarmu. Inda Hanatu ta ji, ban tambaya ba.

Aka tura tarakta ta shige ƙofar nan tsaf, tsakanin bututun hayaƙinta da kwano bai fi taƙi ɗaya ba. Abduljalil ya waiwayo ya dube ni.

"Ga raƙumin ya iso."

"Na gani, ya Usta. Allah ya kawo garke."

Kafin ya gama da ita wasu biyu sun yi layi, ɗaya tun daga garin Fau aka jawo ta. Ruwan farko ya same shi a ƙarƙashin ta biyun, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ummusalama ta fito da gudu ta fizge bargon daga igiya, ta ninka shi huɗu, ta tura masa ƙarƙashin tarakta.

"Sa a bayanka, kankaren nan da sanyi."