Maginiyar da Ba Ta Taɓa Ɗaukar Bulo Ba

Kafin a ɗaga ƙofofin shagunan layinmu ita ta iso. Takan tsaya gaban teburina na gyaran agogo da ke ƙarƙashin matakala, ta daidaita agogon hannunta da babban agogona, ko da yake ni da ita mun san nata ya fi nawa gaskiya. Sannan ta hau bene. Ɗakin aikinta taga ɗaya gare shi, sai kwamfutoci jere kan dogon teburi, tsofaffi, waɗanda manyan ofisoshi suka yar, fankokinsu na huci kamar dattijai a hawan tudu. Ba ta zama sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ɗora tafin hannu ta ji zafinsu, yadda uwa ke duba zazzaɓi.

Maginiya muke ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki biro duk da karatuna bai yi nisa ba.

Sunan ya daɗe yana ba ni mamaki, domin ban taɓa ganin siminti a hannunta ba. Da na tambaya, sai ta zaunar da ni ta ce kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita. Yawancin mutane a haɗe suke karɓarta, kamar rigar kanti. Ita kuwa rubutun asalin take ɗaukowa, ta sa inji ya harhaɗa shi daga tushe har sama, don ya dace da waɗannan tsofaffin injina, kuma ya yi magana da murya. Gama ƙungiyar da take wa aiki makafi take haɗa wa kwamfutoci. Wannan harhaɗawar ita suke kira gini. Na sha zama ina kallon rubutu yana gangarowa a fuskar injin kamar ruwan indararo, ina tunanin wani gari ne ake ginawa can ciki, mai lunguna da ƙofofi, wanda ba mai shiga sai wutar lantarki.

Abin da na gani da idona shi ne aikin da ta yi wa jikata. Makauniya ce tun tana ƙarama. Wani kamfani ya yarda ya ɗauke ta aikin amsa waya, da sharaɗin ta zo ranar Litinin da kwamfutar da za ta riƙa karanta mata sunayen masu kira, in ba haka ba akwai mai jiran kujerar. Injin da aka ware mata sai an yi masa sabon gini. Ana cikin makon sai ginin ya rushe. A tayar, ya yi nisa, ya tsaya, ya zubo jan rubutu shafi bayan shafi. A sake, ya faɗi daidai inda ya faɗi ɗazu.

Jikata na zaune a benci da sandarta, tana tsokanata wai ni mijinta na wasan jika na kawo ta gidan da injina ma suma suke yi. Dariya take, amma na ga yadda take murza igiyar sandar.

Manajan ƙungiyar ya ce a share komai a zuba irin ta kanti a huta. Maginiya ta ce irin ta kanti ba za ta motsa a wannan injin ba, balle ta yi magana. Mataimakinta, wani magidanci da muke kira Dogo, ya dage kan layin ƙarshe na jan rubutun, yana ta gyara wurin da injin ya nuna. Ita kuwa ta yi ta ja baya har ta kai kan kuskuren farko.

"Na ƙarshe kuka ne kawai," ta ce masa. "Na farko shi ya ga abin da ya faru."

A nan na koyi wani abin al'ajabi. Akwai wasu ƙananan fayiloli da suke kira fayilolin kai. Ba sa aikin komai da kansu, sai dai su gaya wa kowane sashe sunan ɗan'uwansa da girmansa, kamar kwalin da tela ke yankawa ya rataye don ya riƙa fitar da hannun riga. In wani ya sauya kwalin da wani mai suna iri ɗaya, tela zai yanka da gaskiyarsa, hannu ya ƙi shiga kafaɗa, a yi ta zagin keken ɗinki. Kuskuren farko cewa yake ana neman wani suna a fayil ɗin kai, ba a same shi ba, alhali a rubutun asali yana nan daram.

Sai ta sa injin ya jero fayilolin da ranar da aka ajiye kowanne. Ashe fayil ma yana da ranar haihuwa! Dukkansu rana ɗaya aka haife su, ban da 'yan kaɗan da suka zo makon jiya, kuma da ta buɗe su, cikinsu tsohon yayi ne.

Sai Dogo ya ce makon jiya ne na'urar buga takardu ta ƙi aiki, ya ɗauko wata manhaja daga waje ya girka da hannu. Ashe ta zo da nata fayilolin kai masu suna iri ɗaya, ta kwanta a kan na gida.

Na zaci za ta yi faɗa. Matsawa ta yi ta ba shi kujerarta.

"Baƙo ka kawo, ka manta ka ba shi ɗakinsa, ya kwana a gadon mai gida. Tashe shi da kanka, ƙanena."

Shi ya mayar da na asali daga tushe, ya ware wa baƙuwar manhajar wurinta daban, ya kwashe rabin ginin da ya lalace, ya tayar daga farko. Rubutu ya yi ta gangara, ya iso wurin da yake faɗuwa, ya wuce ko waiwaye babu. Da la'asar injin ya buɗe baki ya gaida jikata. Ta ce muryarsa ta fi tawa daɗi, in nemi wata matar. Har yau Dogo da bakinsa yake ba da labarin nan, kuma shi zai gaji kujerar.

Maginiya, ke ce mai karanta kuskuren farko. Ke ce ba ki taɓa cewa a share a huta ba, don kin san akwai mai zaune a benci yana jira. Sunanki ba ya jikin ko inji ɗaya, amma a gidaje da ofisoshi da yawa akwai muryar da ke tashi kowace safiya saboda hannunki. Jikata tana kan kujerarta har yanzu. Wani lokaci nakan buga lambar kamfanin ba don ina da buƙata ba, in ji ta amsa, ta gane numfashina ta ce in ajiye, ana jira a layi.

Mun gode, Maginiya. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar idanu. Ku kuma masu tasowa, kowace irin sana'a kuke yi, in abu ya rushe a hannunku kada ku tsaya inda ƙara ta fi yawa. Ku koma inda ya fara, kuma in kun gano mai laifi ku ba shi kujera ya gyara.

Ranar da za ki sauko matakalar nan saukowar ƙarshe, ki tsaya a teburina kamar kullum. A ranar ni zan daidaita agogona da naki.