Kazar Inna da Kejin Maigida

Shekarar da muka tare a gidanmu na Lugbe, Inna ta zo daga Zariya ganin gida da kaza a cikin kwali. Lokacin mulkin farar hula ya zauna, kuɗi na yawo a gari, duk inda ka waiwaya a Abuja gini ake yi, kowa kuma da sabuwar wayar salula a kunne. Ni ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, maigida injiniya ne a wata hukuma. Gidan ɗaki uku ne, da ɗan fili a baya wanda bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. A nan Inna ta kwance ƙafar kazar ta sake ta. Wake-wake ce, 'yar ƙarama, mai kallon mutum a karkace kamar ya yi mata laifi.

A gidanmu haka ake yi tun zamanin kakata. Duk 'yar da ta sami gidan kanta, uwa za ta ba ta kaza, ita kuma ta mayar wa uwar sagara ɗaya daga ƙyanƙyasar farko. Yayyena uku duk sun mayar da tasu. Ni ce auta, ni ce kuma wadda ta yi dogon karatu ta tafi nesa.

"Ban sa rai ba fa," in ji Inna tana karkaɗe kwalin. "Ku 'yan Abuja, in ba takarda ba me kuka iya riƙewa?"

Da wasa ta faɗa, muka yi dariya, amma maganar ta yi mini zafi. Na ƙudura a raina sai na kai mata sagarar nan ko da me za a yi.

Zakara bai ba mu wahala ba. Na wani maƙwabci ne ya riƙa tsallako katanga ba sallama, ya gama harkarsa ya koma. Kazar ta yi ƙwai a bayan tankin ruwa, ta yi kwanci, wata safiya sai ga ta ta fito da 'yan tsaki goma sha ɗaya a bayanta. Na yi murna ƙwarai. Na je kusurwar da sabis ke kamawa na kira Inna, ta ce Allah ya raya, ta ƙara da cewa ƙyanƙyasa ba ita ce aikin ba.

A bayan katangarmu akwai wani kango da mai shi ya kai ginin iyakar taga ya bari. Kyanwoyin unguwa suka mayar da shi gidansu, ba na kowa ba ne, kowa kuma ya san su. Babbansu wani jan muzuru ne mai yagaggen kunne. Yakan hau katanga ya sami wuri tsakanin kwalaben da aka kafa don ɓarayi, ya zauna yana kallon tsakar gidana kamar darakta a mitin. A makon farko 'yan tsaki biyu suka ɓace, na kuwa san inda suka tafi.

Na jefe shi da silifa har sai da na ƙarar da ƙafa uku a cikin kangon. Na watsa masa ruwa. Wata abokiyar aikina ta ce in zuba maganin ɓera a kan kifi in huta. Na ce a'a, ina tsoron Allah, kuma da wane baki zan gaya wa Inna cewa da guba na yi kiwon kazarta?

Nan maigida ya ce a bar masa. Ya ɗauko takarda da rula, ya zana keji da duk awonsa, ya kai wa wani mai walda a bakin titin filin jirgi. Ranar Lahadi aka kawo shi a bayan a-kori-kura. Ƙarfe ne ta ko'ina, da rufin kwano, da waya mai kauri irin ta shingen ma'aikatu, da ƙofa mai kwaɗo, an shafe shi da koren fenti. Gaskiya ya yi kyau, ya fi ɗakin maigadin ofishinmu. Muka saka kazar da 'ya'yanta tara, muka datse kwaɗon. Maigida ya ɗaga kai ya dubi muzurun a kan katanga ya ce masa, "To, bismilla."

Mu a lokacin sai mun fita tun gari bai gama wayewa ba saboda cunkoson motoci, ba ma dawowa sai gab da magariba. Da safe 'yan tsakin na ƙarƙashin uwarsu, da yamma ma haka. Ranar Litinin na ɗaga ta na ƙirga, takwas. Talata, bakwai. Kwaɗo na nan a datse, waya ba ta yanke ba. Maigida ya zagaya kejin da tocila yana neman rami, ni kuma na fara zargin maciji. Sai muka lura kan kazar ya yi rauni a saman baki, gashin wuyanta ya zube. Muka ce cuta ce, na fasa kafso na zuba mata a ruwa. Zuwa Juma'a sun koma shida. A ofis fayil na gabana, amma hankalina na bayan gida. Kunya nake ji tun kafin in ga Inna.

Akwai wata dattijuwa 'yar Gbagyi daga Paikon Kore da ke kawo mana doya duk Asabar. A kafaɗa take ɗaukar kayanta, irin na mutanensu, kuma ba ta ciniki sai ta sha ruwa ta huta. Mama muke ce mata. Ranar ta sauke kaya a ƙofar kicin, tana cikin shan ruwa sai ta tsaya ta kasa kunne.

"Madam, kaza naka yana kuka. Me ya same shi?"

Na ce ba ta da lafiya. Mama ta zagaya baya, muka bi ta ni da maigida. Ta zauna a kan bulo ta yi mana alama da hannu mu yi shiru. Rana ta ɗaga, ƙarfe goma ta wuce, lokacin da ba mu taɓa kasancewa a gida ba duk makon.

Muna kallo ɗan tsako ɗaya ya zura kai ta ramin waya, ya matse jiki ya fito. Na biyu ya bi shi. Kafin ka ce me, duk shidan suna waje suna tsattsagar ƙasa a bakin kwata. Uwar ta rage ita kaɗai a ciki, tana kai da kawowa tana kiransu. Can sai ga muzurun ya sauko daga katanga a hankali, ba ya ko sauri. Kazar ta buɗe fukafukai ta daki waya da kai, ta ja baya ta sake duka. Nan na gane inda raunin kanta ya fito, sai da hawaye ya zo mini. Mama ta ɗauki guntun bulo ta jefa, muzurun ya haye katanga.

"Wa ya yi wannan aiki?" ta tambaya.

Na ce, "Oga ne."

Ta dubi maigida sama da ƙasa. "Oga ya yi makaranta da yawa. Ka kulle uwa, ka bar yara waje. Kaza shi ne soja ai. Buɗe masa."

Maigida ya cire tabarau, ya tsuguna ya zura yatsu biyu a ramin wayar. Sannan ya ce, "Kan muzurun na auna. Ban auna ɗan tsako ba."

Mama ta yi dariya har da tafa hannu, mu ma muka kama. Na ɗauko makulli na buɗe, kazar ta fito da gudu ta tattara 'ya'yanta, ko kallonmu ba ta yi ba.

Asabar ta gaba Mama ta zo da damin karan dawa ta jingina a kusurwa, inda 'yan tsaki za su shige in uwar ta yi musu kashedi. Ta kawo musu gara a tsohuwar tukunya. Maigida ya kewaye ƙasan kejin da ragar sauro, ya zama wurin kwana kawai, da rana ƙofa a buɗe. Ban daɗe ba na ga aikin sojan da idona, ta tagar kicin. Muzurun ya sauko kamar yadda ya saba, kazar ta kumbura ta ninka girmanta, ta tashi sama ta sauka a fuskarsa. Ya hau katangar nan ba tare da ya zaɓi wurin taka ƙafa ba. Daga ranar sai dai ya zauna a sama ya yi kallo. Ni kuma na fara jefa kawunan kifi can ƙarshen kangon, don ɗan Adam ma in ya ƙoshi yakan rage ɓarna. Muka zauna lafiya da su, ɓeraye ma suka yi ƙaura.

Ɗaya ya mutu da damina, sanyi ya kama shi. Biyar suka girma, zakaru uku da sagaru biyu. Da ƙaramar Salla na zaɓi wadda ta ɗauko zanen uwarta, na sa ta a kwalin da na huda wa ramuka, na riƙe a cinya tun daga Lugbe har Zariya.

Inna na zaune a tabarma a tsakar gida. Ta karɓi sagarar, ta taɓa mata ƙirji, ta buɗe fiffike ta duba. Sannan ta ce, "Nawa suka tsira?"

"Biyar, Inna. Cikin goma sha ɗaya."

Na sunkuyar da kai ina jiran tsokana. Maigida, Allah ya saka masa, ya ce laifinsa ne, ya ba da labarin kejin bai rage komai ba. Inna ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. Da ta natsu sai ta ce, "Ni tawa ta farko, tsoron shirwa ya sa na kifa wa 'yan tsakin ƙwarya na tafi suna. Kafin in dawo zafi ya gama da su. Sai a ƙyanƙyasa ta biyu na kai wa kakarki tata."

Ban taɓa jin wannan labarin ba, yayyena ma ba su sani ba. Ta yagi ɗan ƙyalle daga bakin tsohon ɗankwalinta, ta ɗaura wa sagarar a ƙafa, ta sake ta cikin kajin gidan.

"Wannan ta 'yar Abuja ce," ta gaya wa mutanen gida. "Ko baƙo daga ina ya zo, kada wanda ya yanka mini ita."