Mesar da aka auna da kamu

Shekarun baya, abokina ya zo Dubai daga Kano, ya sauka wurin ɗansa injiniya a Satwa. Kwana biyu da zuwansa sai ga kiransa: "Alhaji, zo ka raba ni da yaron nan."

Na tarar da su tsaye gaban akwatin gilashi. A ciki wata 'yar mesa ce kwance, irin ta Kudancin Amurka da ake kira bowa. Na ga macizai a Kwatano, na gan su a Indiya, amma ban taɓa ganin mai kyan zane irinta ba. Duk da haka kusa da ƙofa na tsaya.

Ba tsoro ne ya dami abokina ba. Mutum ne mai kiwon raguna, wanda a wurinsa ƙibar dabba ita ce mutuncin mai ita.

"Ɓera ɗaya sai bayan mako da 'yan kwanaki!" in ji shi. "Dubi yadda take kamar igiyar guga. Alhakin dabba ba wasa ba ne. Ko ya ƙara mata abinci, ko ya rabu da ita kafin in tafi."

Yaron ya sunkuyar da kai. "Baffa, wallahi in na ɗura mata za ta yi saurin girma, amma kitse zai rage mata kwana. Lafiyayyiya jikinta kamar sandar burodi yake, ba mulmulalle ba. Shwayya shwayya, a hankali ake bi da su."

Uban ya ce wannan zancen marowata ne. Ni da aka kira sulhu, duk harsunan da nake taƙama da su ba wanda ya raba gardamar.

Sai yaron ya buɗe durowa ya fito da saɓarta. Duk fatar da ta tuɓe tun zuwanta ya adana, kowacce cikakkiya daga kai har wutsiya, ba yagewa.

Abokina tsohon ɗan kasuwar yadi ne. Hannunsa bai jira shi ba, ya ɗauki ta farko ya ɗora daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Kamu ɗaya da ɗan ɗori. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba shadda. Ta ƙarshe ta haura kamu biyu.

"Saɓa takan ɗan miƙe, Baffa," in ji yaron. "Ita kanta ba ta kai haka ba."

Uban ya dube shi. "Ana ba ka nasara kana rage mudu?" Sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan. A bar ta." Sai ya nuna tumbina: "Ga wanda aka yi wa irin kiwona nan."

Har yau yaron nan yana burge ni. Da ya ƙara mata ɓera biyu don uban ya huce, ba wanda zai zarge shi. Bai yi ba, kuma bai ɗaga murya ba.

Mesar tana nan, ta doshi kamu biyar. Duk sanda abokina ya bugo waya, kafin ya tambayi jikokinsa sai ya ce, "To, kamu nawa yanzu?"